In mai zazzaɓi ya zo, kar a tsaya kan maleriya da taifot

Wallahi abin nan yana damuna, a nan Kano daga Kurna har Sabon Gari duk wanda jikinsa ya yi zafi sai ka ji an ce ai maleriya da taifot ne, a ɗaura masa ruwa a yi masa allurai shikenan. 'Yan uwana na ƙananan asibitoci, don Allah mu riƙa bi a hankali.

Ka fara da tambaya kafin ka taɓa sirinji, kwana nawa da farawa, me ya riga ya sha a kemis, akwai mai irin ciwon a gidan, ya yi tafiya? Ka kuma duba lokaci, da damina sauro ne a gaba, amma lokacin zafi kamar Maris da Afrilu ka tuna da sanƙarau, Kano ba ta manta annobarsa ta 1996 ba. Sa hannu a ƙeyarsa ka ɗago kan a hankali, in wuyan ya ƙage kar ka tsaya jiran komai. Yaro kuwa haska maƙogwaronsa ko da fitilar waya ce, in ka ga wani abu ruwan toka ya manne a ciki, wuya kuma ya kumbura, to ka zargi mashaƙo, mun ga ɓarnarsa a 2023.

Sai gwaji, nan ne muke faɗawa rami. RDT, wato gwajin maleriya na gaggawa, ta nuna layi biyu alamar akwai maleriya ba wai an gama ba kenan, a garin nan mutum zai iya yawo da ƙwayar maleriya a jininsa alhali abin da ya kwantar da shi daban ne, limoniya ko ciwon fitsari, kuma gwajin kan ci gaba da nunawa har makonni bayan an warke. Don haka ka saurari ƙirji, ka sa a gwada fitsari. Widal kuma, wato gwajin jinin da ake yi don taifot, guda ɗaya ba ya tabbatar da ciwon, maleriyar ma kanta tana iya ɗaga shi, abin dogaro shi ne kalcan jini, wato rainon ƙwayar cutar daga jinin a ɗakin gwaji, kuma a ɗiba kafin a fara antibayotik.

In ya sha ACT, wato haɗin maganin maleriya, na kwana 3 zazzaɓin bai sauka ba kar ka sake maimaita masa, tura shi gaba, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Musamman in fuska ta kumbura ko jini na fita ta hanci ko dasashi, tambayi ko akwai ɓeraye a ɗakin abincinsu, sa safar hannu, ka ware shi ka sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma nan take, don zai iya zama zazzaɓin Lassa da ɓeraye ke yaɗawa, kuma yana kama ma'aikacin lafiyar da ya taɓa jinin.