Ga sabon zuwa mai hannun ginin tukwane

Ɗan'uwa, in ka sauka ƙasar Turawa da niyyar ci gaba da ginin tukwane, kada ka fara da sayen matoya. Matoyar lantarki tana shan wuta sosai, tana kuma buƙatar wurin da iska ke ratsawa, kuma da wuya mai gidan haya ya yarda a kafa masa ita a ɗaki. Nemi ɗakin aikin haɗaka, inda magina ke biyan kuɗin wata su yi tarayya a faifan juyi (faifan da ke juyawa ana gina tukunya a kansa) da matoya. Can za ka ga abin da masu saye suke so, ka kuma samu abokan hira, domin kaɗaici yakan riga sanyi kama baƙo.

Yanayi zai sauya maka lissafi. A hunturuna na farko na gina kofuna shida, na jera su kusa da hita don su yi saurin bushewa. Da safe na tarar hannun huɗu ya tsage daidai mahaɗa: siririn hannu ya riga jiki bushewa, ya ja, ya rabu. Tun daga ranar nake lulluɓe aiki da leda, in bar shi ya sha iska a hankali. Haka kuma ɗanyen aikin da ya kwana inda ruwa ke daskarewa ya lalace. Wanda bai bushe sarai ba kuwa kada ya shiga wuta, don ruwan cikinsa zai zama tururi ya fasa shi, har ya ɓata na maƙwabta. A matoyar haɗaka wannan abin kunya ne.

Gashi biyu ake yi. Na farko wajen digiri 1000 a ma'aunin Salshiyas, sai a shafa ruwan ƙyalli, wanda ke narkewa ya zama kamar gilashi a jikin aiki, a mayar wuta, yumɓu mai tauri ya kai 1200 zuwa 1300. Daga ɗanye zuwa gasasshe aiki yakan ragu da kusan kashi 10 cikin 100 ko fiye, saboda haka ka gina shi ya ɗan ɗara girman da kake so. In abin cin abinci ne, tabbatar babu dalma a ruwan ƙyallin.

Kada ka share busasshen yumɓu da tsintsiya. Ƙurarsa in ta daɗe tana shiga ƙirji takan lalata huhu, sai dai a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan wankin hannu ma a bokiti, ba a bututun wanke-wanke ba, in ba so kake ka biya mai gyaran famfo ba.

Kafin ka sayar da ko kofi ɗaya, duba sharuɗɗan bizarka. A Birtaniya, misali, mai bizar karatu ba shi da izinin sana'ar kansa, ko a Etsy ne, shafin sayar da kayan aikin hannu a intanet. Wanda yake da izini kuma, da zarar cinikinsa ya haura fam 1,000 a shekarar haraji sai ya yi rajista da hukumar haraji.

Za ka ga kowa ya rungumi faifan juyi, amma kada ka raina ginin hannu. Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew, maginin Birtaniya, a Abuja (Suleja ta yanzu) a 1954 ta koyi faifai, duk da haka manyan tulunanta na hannu ne suka ja hankali a Landan. In an tambaye ka yadda kake ɗaga bangon tulu ba faifai, nuna musu, wasu ma za su nemi ka koya musu a biya ka.