Yadda nake auna lalacewar man gyada da zaren SPME

Idan man gyada ya daɗe a ajiye, iska takan ci sinadarin linoleyik da ke cikinsa, sai ya fara fitar da wani abu da ake kira hekzanal. Shi ne warin tsohon man nan da ake ji a ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu. Hanci yana jin sa, amma ba zai faɗa maka yawansa ba. Da can sai an jiƙa samfur cikin sinadaran narkarwa irin su hekzen, a tace, a ƙafar, mai aikin yana shaƙar guba, kuma a wajen ƙafarwar wani kaso na abin da ake nema ya bi iska. Shi ya sa na fi son dabarar SPME, wato kama tururin samfur da siririn zare ba tare da sinadarin narkarwa ba, wadda Janusz Pawliszyn na Jami'ar Waterloo a Kanada ya fito da ita wajen 1990, kamfanin Supelco ya fara sayar da ita a 1993.

Kayan aikin kamar sirinji yake. A cikin allurarsa akwai siririn zare mai tsawon santimita 1 ko 2, an shafe shi da abin da ke kama tururi. Don ƙamshin abinci, wanda aka rubuta wa DVB/CAR/PDMS nake ɗauka. Idan sabo ne, ka fara gasa shi a bakin injin GC, mai rarrabe sinadaran da ke cikin tururi, a digiri 270 na ma'aunin Celsius na tsawon lokacin da takardarsa ta ce, sannan ka gwada shi da kwalba wofi ka tabbata ba ya ɗauke da komai.

Auna giram 2 na mai cikin kwalba mai cin mililita 20, ka rufe da murfi mai roba. Idan ƙuli-ƙuli ne, ka daka shi da sauri ka rufe nan take. Gishiri yana taimaka wa samfur mai ruwa, kamar zoɓo ko kunu, domin yana koro ƙamshi zuwa sama. A cikin mai kuwa ba ya narkewa, kada ka ɓata shi. Sa kwalbar cikin ruwan zafi mai digiri 50 na minti 15. Kada ka wuce haka sosai, don zafi da kansa yana ƙara lalata man, sai ka auna abin da kai ne ka haddasa. Daga nan ka huda robar, ka tura zaren cikin sararin da ke saman man, ya yi minti 30. Kada ya taɓa man ko kaɗan. Maiƙo in ya hau zaren, ya lalace, ga shi da tsada.

Nan ne nake so a tsaya a fahimta. Zaren ba ya kwashe duk hekzanal ɗin da ke cikin kwalba, rabonsa kawai yake ɗauka, kuma girman rabon ya danganta da zafi, da lokaci, da yawan samfur, da faɗin sararin da ka bari. In ka ba wannan kwalba minti 30, waccan minti 25, ba za a iya gwama sakamakonsu ba, ko da man tulu ɗaya ne. Don haka agogo a hannu, ma'aunin zafi cikin ruwa. Layin awo ma, wato jerin samfura masu sanannen adadin hekzanal da ake gwada sakamako da su, da mai nake haɗa shi: in samo sabon mai, in ɗiga masa hekzanal sanannen adadi mataki-mataki. Wanda aka haɗa da ruwa ba zai yi daidai ba, domin mai yana riƙe hekzanal fiye da ruwa.

Lokaci na cika, ka janye zaren cikin allura kafin ka zare ta, in ba haka ba robar za ta karya shi. Kai shi kai tsaye bakin injin GC-MS, wato GC da aka haɗa da na'urar gane kowane sinadari, digiri 250, minti 3 zuwa 5, zafin zai saki abin da ya kama. Ban da hekzanal, za ka ga dangin firazin, masu ba soyayyar gyada ƙamshinta.

Wannan hanya ba ta kama afulatoksin, gubar fumfunar gyada, saboda ba ta tashi a tururi. Wanda ya kawo maka mai don ita, ka gaya masa gwajinta daban ne, na HPLC ko ELISA, wasu hanyoyin gwaji da ba sa buƙatar abu ya tashi a tururi.