Kurakuran da Aka Fi Yi da Na'urorin Gida na Zamani a Ƙasashen Sanyi

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, inda sanyin hunturu bai wuce mutum ya ƙara riga ya hura wuta ba, idan zama ya kai shi Winnipeg a Kanada ko Minneapolis a Amurka, zai tarar da sanyin da kan sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan yanayi ne ƙararrawar ƙofa mai kyamara, da makullin da ake buɗewa da wayar hannu, da na'urar daidaita ɗumin gida suke fara ba da wahala. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, batirinta ne ya gaza.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa duk abin da aka rubuta masa «na waje» zai jure ƙanƙara. Lambar IP65 da ake gani a jikin kwali tana nufin kariya daga ƙura da feshin ruwa ne kawai, ba ta da alaƙa da sanyi. Abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi shi ne iyakar zafi da sanyin da na'urar ke iya aiki a cikinsu, sannan a nemi iyakar caji daban, domin ba ɗaya ba ne. Batirin litiyam da ake yi wa caji yana iya ba da wuta a cikin sanyi, amma idan aka tura masa caji ƙasa da sifili, sinadarin kan taru a jikin farantinsa ya nakasa shi har abada, shi ya sa aka tsara na'urorin su ƙi karɓar caji a wannan hali. A 2022 kamfanin Google ya bayyana cewa ƙararrawarsa ta Nest mai batiri tana aiki har zuwa digiri 20 ƙasa da sifili, amma ba ta caji da zarar sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ko da an jona ta da wayar wutar gidan. Saboda haka wanda ya jona waya ya kwanta da saleɓa zai iya wayar gari ya tarar ta mutu. Gyaran shi ne a cire ta a shigar da ita ɗaki, a bar ta ta huce sanyin na 'yan sa'o'i kafin a sa mata caji, don raɓar da kan taru a cikinta ta bushe. Inda sanyi ke ɗaukar watanni, a ganina sayen samfurin da ba shi da batiri ko kaɗan ya fi kwanciyar hankali.

Makullin ƙofa kuma ana yawan ɗora wa batirinsa laifin da ba nasa ba. Katako da ƙarfe suna motsawa da sauyin yanayi, sai sakatar ta daina dacewa da raminta, ƙaramin injin ya yi ta kokawa yana zuƙe wuta. A gwada juya sakatar da hannu ƙofa tana rufe. Idan sai an tura ko an ja ƙofar take shiga, to ramin ne yake buƙatar gyara. Game da batiri, na litiyam irin AA yana jure sanyi har digiri 40 ƙasa da sifili, ya fi batirin da aka saba amfani da shi, wato na alkalin, nesa ba kusa ba, sai dai wasu masu ƙera makullai suna hana amfani da shi, saboda yakan ƙare farat ɗaya ba tare da gargaɗin ya zo da wuri ba. A bi takardar da ta zo da makullin, kuma kada a fita ba da mukullin hannu a aljihu ba.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne sakaci da na'urar ɗumin gida, domin a nan ne lafiyar yara da tsofaffi take. A Janairun 2016 wata matsala a manhajar na'urar ɗumin gida ta Nest ta zuƙe batirin na'urorin mutane da dama, suka farka cikin gida mai sanyi. Na'urar da ba a jona mata wayar da ake kira C ba, wadda ke ba ta wuta mai ƙarfin bolt 24 ba yankewa, takan tsinci wutarta ne daga sauran wayoyin, kuma hakan kan gaza a lokacin da tukunyar ɗumama gida ke aiki dare da rana. A kira ma'aikaci ya jona wannan waya tun kafin kaka ta wuce. Masu tafiya gida hutu a Disamba kuma su daina kashe ɗumin baki ɗaya don rage kuɗin wuta, su bar shi a kan digiri 13 aƙalla, in ba haka ba ruwan bututu zai iya daskarewa ya fasa shi.

Akwai kuma dogaro da intanet kaɗai. Lokacin da guguwar sanyi ta katse wutar miliyoyin gidaje a jihar Texas a Fabrairun 2021, duk abin da sai da wutar gida da intanet yake buɗuwa ya tsaya cak a gidajen da abin ya shafa. Ƙofar gareji tana da igiyar da ake ja a buɗe ta da hannu, kuma ya dace kowa a gidan ya san inda take, ya gwada ta tun da rana kafin a ɗauke wuta.