Yadda za ki rubuta labarin soyayyar fatalwa a ƙasar Indiya

Toh 'yan uwa marubuta, mu da muka taso da finafinan Indiya ai labarin fatalwa mai jiran masoyinta ba baƙonmu bane, amma da an zo rubutawa sai kiga an kwashe komai an zuba a "wani tsohon gida a Indiya", ba gari ba shekara, fatalwar kuma farin sari kawai da kuka. Wlh ba ya shiga rai. Ga yadda ni nake bi.

Farko ki nemo waje na gaske. Ni Mandu na ɗauka, tsohon birni ne akan tsauni a jihar Madiya Faradesh, kusan kilomita 100 daga Indor. Anan sarki Baz Bahadur yayi mulkin yankin Malwa, mutum ne mai son kiɗa kamar me, ya kamu da son wata mawaƙiya Rupmati, shi Musulmi ita Hindu. A 1561 Akbar sarkin daular Mughal ya turo Adham Khan da runduna, aka ci Baz Bahadur da yaƙi a Sarangpur ya gudu, ita kuma Rupmati ta sha guba dan kada ta faɗa hannun Adham Khan. Kinga tarihi ya gama miki rabin aiki. Har yau ginin da ake kira da sunanta yana nan can sama, ance daga nan take hango kogin Narmada kullum. Kuma abin da yafi burge ni, Mandu cike yake da itatuwan kuka, eh kukar miyarmu dai, toh ina fatalwa zata tsaya da ya wuce gindin kuka? Mai karatu Bahaushe ba sai kin masa bayani ba, tsigar jikinsa zata tashi da kanta.

Na biyu, kada ki maida Rupmati kanta fatalwar, labarinta kowa ya sani a can kuma an sha juya shi. Ki ƙirƙiro wata a gefenta, misali baiwar da ke riƙe mata kayan kiɗa, wadda ke son wani sojan fada, yace mata ki jira ni a bakin tafkin Rewa Kund in an dawo daga yaƙi, bai dawo ba. Wannan taki ce, ki juya ta son ranki ba wanda zai ce kin yi wa tarihi ƙarya.

Na uku shine inda mutane ke kwafsawa, sai ki tsaya ki yanke shawara tun kafin shafin farko: fatalwa ce ko sake haihuwa? Ba ɗaya bane. A addinin Hindu rai yana dawowa a wani jiki, kenan saurayin da za ki sa a ɓangaren zamani na labarin shine sojan nan da kansa. In kuma fatalwa ce toh ita bata taɓa tafiya ba, shi kuma kama kawai yayi ko jinin sojan ne. In kina tsoron masu karatunki suce kina koya musu aƙidar wasu, ki bar shi a kamanni ko jini ɗaya, ko ki sa mutanen garin suna cewa sake haihuwa ce kakar yaron kuma tana cewa aljana ce, ke ki ja bakinki kiyi shiru. Amma kar ki haɗa biyun a tukunya ɗaya, tana fatalwa kuma tana jami'a tana chatin.

Sai ɓangaren zamani. Yaron ki bashi dalilin zuwa, mai ɗaukar hoto ne daga Indor ko ɗan jagoran 'yan yawon buɗe ido, ya zo da damina lokacin da hazo ke rufe Mandu ana tururuwar zuwa. Ya karya da poha (bugaggiyar shinkafa) da jalebi (irin alkakinsu), ya hau adaidaita sahu, ya biya mai shayi ta waya. Irin ƙananan abubuwan nan ne ke sa in ta bayyana a yarda.

Ki kiyayi zamani ya zarme miki. A 1561 ba Taj Mahal, sai 1632 aka fara gininsa, shayi ma sai zamanin Turawan Ingila ya bazu, dan haka kar baiwarki ta kawo wa Rupmati shayi a kofi.

Wajen jera babi, ɗaya na zamanin da, ɗaya na yanzu, amma ki samo abu guda da ke ratsa duka biyun. Ni munduwar ƙafa na zaɓa, ɗaya tana ƙafarta ɗayar ta ba sojan, yaron ya tsinci ta sojan a akwatin kakarsa. Kar ki nuna fuskarta da wuri, ƙarar munduwa tukuna, sannan hoton da ya ɗauka ya duba da dare yaga mutum a gindin kuka alhali da rana ba kowa.

Na ƙarshe, me take so? Ba aure ba dan Allah, ba wanda zai ɗaura aure da fatalwa. Labari take jira, ta san ko gudu yayi ya bar ta kamar yadda sarkinsa yayi, ko kuwa a Sarangpur ya faɗi da munduwarta a hannu. Yaron ne zai tono amsar ya kai mata bakin tafki, ke kuma tun yanzu ki san wace amsa ce, dan ni sai da na yaga babi huɗu saboda ban yanke ba.