Yadda za ka shigo da na'urar POS shago yaranka su karɓe ta

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa 'yan kasuwa da yawa, daga Kantin Kwari zuwa kasuwar Singa, suka rungumi POS da tiransifa ala tilas. Samun na'urar abu ne mai sauƙi. Aikin yana wajen yaron shago, domin tsoronsa ɗaya ne: a samu giɓi da yamma a ce shi zai biya.

To, daga nan za ka fara. Kafin na'urar ta iso, ka zauna da yaran a yanke magana: kuskuren da aka yi cikin makonni biyu na koyo, maigida ne zai ɗauka. In ba a faɗi haka ba, "babu sabis" za ka riƙa ji kullum, ko da sabis ɗin yana nan.

Sai ka zaɓi mutum ɗaya ya fara koya. Kada ka tsallake babban yaronka don kawai ƙaramin ya fi shi iya latsa waya. Wanda ya shekara goma yana riƙe da aljihun kuɗi, idan ya ga an mayar da shi baya, zai kashe tsarin ba tare da ya ce uffan ba. Ka fara a ranar da kasuwa ta yi sanyi, ba jajibirin sallah ba.

Littafi kuwa kada a yar da shi tukuna. A rubuta kowane ciniki, da yamma a gwada da jimillar da na'ura ta nuna.

Inda aka fi yin asara wurare biyu ne. Na farko alat na bogi: kaya ba sa fita sai kuɗi sun bayyana a na'urar shago ko manhajar banki, hoton da mai saye ya nuna a wayarsa ba shaida ba ne. Na biyu, a cire kuɗi daga asusun mai saye alhali na'ura ta ce ciniki bai shiga ba. A nan a ba shi rasit ɗin ya kai wa bankinsa, kada yaro ya mayar masa da kuɗi daga aljihun shago.

Rubutun rasit yana gogewa idan zafi ya buge shi, don haka a ɗauki hoton na manyan ciniki. A ajiye takardar rasit ta ko-ta-kwana, a yi caji tun da dare, lambar sirrin cire kuɗi kuma ta tsaya a hannun maigida.