Matakan Shirin Fara Kiwon Awaki a Ƙaramar Gona

Kafin ka sayi akuya ko ɗaya, fara da gina rumfa a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ka kewaye ta da danga mai ƙarfi, domin akuya ba ta jure danshi, kuma idan ta sami kafa, amfanin gonar maƙwabci za ta nufa.

Daga nan sai tanadin abinci, wanda a ganina shi ne ginshiƙin kiwon. Ka tara harawar wake da ta gyaɗa tun lokacin kaka, sa'ad da suke da araha, ka ɗora su bisa rumfa saboda gara, sannan ka ajiye dusa da kanwa da mazubin ruwa mai tsabta.

Wajen saye, jar akuyar Sakkwato, wadda ake kira ta Maraɗi a Nijar, ta dace da sabon makiyayi, saboda tana yawan haifar tagwaye, cikinta kuma wata 5 ne. Ka tafi kasuwa tare da wanda ya san dabba, ka buɗe bakinta: wadda ta fitar da manyan haƙora 2 a gaba ta haura shekara ɗaya. Ka guji mai majina, ko gudawa, ko kumburarren hantsa. Mata 3 ko 4 da bunsuru ɗaya sun isa farawa.

Idan ka kawo su gida, ka ware su na mako 3, ka kira malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar ciki, ya kuma yi musu allurar rigakafin annobar PPR, wato wata cuta mai saurin yaɗuwa da ke kashe awaki da tumaki, kafin su cuɗanya da wasu dabbobi.