Kafin ka cire tsohuwar wayar eriya, ga inda za ka duba

Tun da aka ƙaddamar da talabijin na dijital a nan Jos a watan Afrilun 2016, tambayar da masu gida suka fi yi min idan na je ɗaura eriya ita ce: "Malam, wayar nan ta da, sai an sauya ta?" Sau da yawa nakan ce a'a. Waya ba ruwanta da analog ko dijital, aikinta ɗauko sigina daga eriya zuwa ɗaki. Abin da ya sauya shi ne haƙurin akwatin. A da in waya ta gaji, hoto ya yi yayyafi, a ci gaba da kallo a haka. Dikodar FreeTV ko StarTimes ko GOtv kuwa, ko hoto tar, ko ya daskare murya na in-ina, ko ya ɗauke ɗungurungum.

Fara da duba irin wayar. In faffaɗar nan ce mai sili biyu a jere, ta om 300 (om ma'auni ne na wayar lantarki), to kwananta ya ƙare, cire ta. In zagayayya ce mai silin jan ƙarfe a tsakiya da raga a kewaye, ta om 75, a yi mata gwaji tukuna.

Shiga saitin dikoda inda ake nuna ƙarfin sigina da ingancinsa. Ingancin nake kallo, domin ƙarfi na iya cika layi alhali hoto na kakkaryewa. Kama wayar daga bayan dikoda ka ɗan motsa ta. In layin ya yi tsalle, kan wayar ne ya saki, ba ita kanta ba. Yanke, ka fere, ka sa sabon kai, ka tabbata ko sili ɗaya na ragar bai taɓa na tsakiya ba.

Sai hawa sama, kuma a nan ne yawanci matsalar take. Rana na busar da baƙar robar har ta tsattsage, damina ta zo ruwa ya shiga ya bi cikin wayar. Fere taƙi ɗaya daga bakin eriya. Ragar na ƙyalli? Wayarka na da sauran rai. In ta yi kore ko baƙi, ƙara yankewa gaba. Na taɓa yanke kusan mita biyu a wani gida ina ta samun danshi, nan na ce wa maigidan ya haƙura ya sayi sabuwa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne haɗin murɗe da salatif, wani gidan har wuri uku a waya ɗaya. Kowane haɗi yana cin sigina. Haka ma abin raba layi zuwa ɗaki biyu, rabi kowane ɗaki ke samu. Kada ka yi gaggawar sayen busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba ta gyara ruɓaɓɓiyar waya.

In sauyawar ta kama, nemi zagayayyar waya mai lamba RG6, ta fi siririyar RG59 riƙe sigina a zangon UHF da tashoshin dijital ke bi. Sa mai shago ya fere maka ka ga raga mai kauri da takardar alminiyum a ƙarƙashinta. Ja ta guda ɗaya ba haɗi, kada ka karya ta a kusurwa ko ka danne ta da ƙusa, sannan ka bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwan sama ya ɗiga a waje.